Kwalbar da Kakata Ta Binne

Duk wanda kuka tambaya a unguwarmu nan Dakoro me ya sami hannuna, amsa ɗaya zai ba ku, wai jahilcin tsohuwa ne. Za a ce maku likita ya ba da abu a kai bincike, kakata ta haƙa rami ta binne shi. Wasu har ƙari suke yi, wai wani boka ne ya sa ta. Shekara biyu ke nan ana faɗin haka a gidan biki da bakin famfo, har a gaban idona, ban taɓa buɗe baki na ce ƙarya ne ba. To, ƙarya ne. Binnewa kam ta binne, amma ni na sa ta, kuma ba ta san abin da take binnewa ba. Ku ne na farko da zan faɗa wa, don rubutu ya fi mani sauƙi a kan kallon idon mutum, ko da yake shi ma rubutun yanzu da ƙyar nake yin shi.

Lokacin da abin ya fara ina da shekara ashirin da ɗaya. Na yi lakkwal, wato boko, har na samu birbe, takardar gama ƙaramar sakandare, na yi shekara guda a lise, babbar sakandare, na bari, don ba ni iya zama a ce mani jira. Haka nake tun ina ƙarama, in ana layi ni ce mai tsaki, in ana kwana-kwana ni ce mai cewa a faɗi magana a wuce wurin. Uwata ta rasu ban yi wayo ba, kakata ta wajen uba ita ta raine ni. Ungozoma ce, rabin ƴan unguwarmu ita ta fara yi masu wanka a duniya. Babana dillalin dabbobi ne a kasuwa, bai yi lakkwal ba, shi ya sa duk takardar da ta shigo gidanmu ni ake miƙa wa. Sana'ata zanen lalle, kuma ba yabon kai ba, na iya. Har daga ƙauyuka ake aiko mashin a ɗauke ni in yi wa amare. Ba na kallon hoto a waya in kwaikwaya, abin da ya zo mani a kai shi nake zubawa, kuma hannuna ba ya rawa.

Ciwon ya fara a wuyan hannuna na dama, ta gefen babban yatsa. Na ɗauka matsar ledar lalle ce ta yi yawa. Wata biyu sai ga kumburi, ba babba ba, kamar an tura rabin goro ƙarƙashin fata. Ina so ku riƙe wannan da kyau: maƙwabta sun ce a kai ni wurin maɗori, wai targaɗe ne, kakata ce ta hana. Ta taɓa wurin, ta danna, ta ce ta shekara hamsin tana taɓa jikin mutane, wannan ba targaɗe ba ne, ba kuma aikin maɗori ba ne, a kai ni gidan likita. Matar da ake kira jahila ke nan. Aka yi mani radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce mu wuce Maradi.

A can likitan ya ɗaga hoton ga haske ya nuna mana. Ƙarshen ƙashin ya yi kamar kumfar sabulu, ya ce ƙari ne ya fito a cikin ƙashin yana cin shi ta ciki, kamar yadda ƙwaro ke cinye wake ya bar ɓawo. Ya ce za su buɗe ƴar taga a jikin ƙashin, su kankare abin tas, su cike ramin da wani siminti na likita. Babana ya tambaya ko ba zan dinga karkata gefe guda ba saboda nauyi, likitan ya yi dariya ya ce bai kai cokali uku ba. Tun ranar farko na ɗauki wata ɗabi'a. Duk ma'aikacin da ya yi mani Hausa sai in mayar mashi da Faransanci, don kada a ɗauke ni ƴar ƙauye. Su ma sai su juya su bi ni. Babana yana tsaye yana murmushi, ɗiyarshi na magana da likitoci da harshensu. Bai san ana rufe mashi ƙofa ba ne.

Kwana biyu bayan aikin, wata ma'aikaciya ta shigo da ƴar kwalba a cikin leda da takarda a naɗe. Babana ya fita sayo magani, kakata na zaune a tabarma gefen gado. Matar ta fara da Hausa, na tare ta da Faransanci, ta juya. Har yau ban manta ko kalma ɗaya ba. Ta ce abin da aka kankaro ne a ciki, a kai shi Yamai ɗakin bincike, su za su duba su faɗi ko wane irin ƙari ne. Ta ce sakamakon zai iya kai wata guda ko fiye, kuma kada in koma aiki da hannun sai likita ya gan shi. Ta ce bayan nan duk wata uku in zo a yi mani radiyo, ko da ba na jin komai, don akwai irin da ke dawowa. Ta tambaye ni na gane, na ce na gane sarai.

Lokacin an gama girbi, bukukuwa sun taso. Akwai auren ɗiyar wani babban ɗan kasuwar hatsi saura sati biyar, ƙawayen amarya har daga Najeriya za su zo, kuma ni aka riga aka faɗa wa. Na lissafa a raina, sati uku a cire mani ɗauri, sati biyu in motsa yatsu, na isa. Amma in babana ya ji zancen sakamako, na san shi, ko ledar lalle ba zai bari in taɓa ba sai takarda ta zo. Na ɗaga kwalbar na duba. Ɗan abu ne ja-ja baƙi-baƙi kamar guntun hanta yana yawo a ruwa. Na ce a raina an fitar da shi, ga shi a hannuna, me kuma za a tambaye shi. Akwai tsoro ma, ba zan ɓoye ba. Na fi son kada abin ya samu suna.

Da matar ta fita, kakata ta ce ƴar lakkwal, me ta ce ne, ta ga maganar da tsawo. Na ce ba komai, cewa ta yi ga abin da suka ciro, sun maido mana kayanmu. Kakata ta gyaɗa kai, ta ce ashe mutanen nan sun san ya kamata, naman ɗan Adam ba a zubar da shi a juji. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta. Takardar kuwa na tura ta ƙasan jakata. Da muka koma gida, washegari da hantsi ta samo farin ƙyalle ta naɗe abin, ta haƙa rami a bayan ɗakinta, wurin da ta binne cibiyata ranar da aka haife ni. Ta yi bisimilla ta rufe, ta tattake ƙasar da dunduniya, ta ce to yanzu duk na taru wuri ɗaya, kada in ce ta ɓatar mani da wani abu. Ina tsaye da hannu a rataye ina dariya.

Ranar cire zare muka koma Maradi da babana. Likitan ya tambayi kwalba, na ce mashi da Faransanci yayana ya kai Yamai. Ba ni da yaya namiji. Babana na gefe yana gyaɗa kai. Likitan ya rubuta ranar da zan dawo a karnena, ɗan littafin asibiti. Muna fita babana ya ce me ya ce, na ce ya sallame ni, an gama. A tasha ya saya mani tsire don murna. Ranar da aka rubuta ta zo ta wuce ina gidan wata amarya. Ta biyu ma ta wuce. Ba mantuwa na yi ba. Na san in na shiga ɗakin likitan tambayar farko ita ce ina sakamako, ni kuwa ba ni da wata ƙaryar da zan ɗora a kan ta farko.

Bikin ɗiyar ɗan kasuwa na yi shi, an yaba, an ɗauki hotuna. Wata goma na yi lafiya lau, har ina yi wa masu zuwa kwantarol, wato komawa likita ya duba su, dariya a raina, ina cewa mutane na son wahalar da kansu. Sai ciwon ya dawo, wuri ɗaya, iri ɗaya. Na gane shi nan take. Maimakon in faɗa, sai na koma sa riga mai dogon hannu da warwaro masu faɗi, ina sayen ƙwayar kashe ciwo wurin masu tebur. Kakata ta lura. Ta ga ina ɗaukar buta da hagu, ta ce in kawo hannun ta gani. Na daka mata tsawa, na ce ta cika sa ido, ta bar ni in sha iska. Ta juya ta ci gaba da tsince wakenta. Wata huɗu na yi a haka kumburin na girma.

A wani biki a Korahane abin ya ƙare. Na gama wa amarya hannu ɗaya, na dafa tabarma zan gyara zama, sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ban ma yi kuka ba da farko, kallon hannun kawai nake yi ya lanƙwashe inda bai kamata ba. Amaryar nan da lalle a hannu ɗaya aka kai ta.

A Maradi wani likita muka tarar, na farkon an canza mashi wurin aiki. Wannan bai biye mani ba, na fara Faransanci ya juya wurin babana da Hausa. Ya duba takardun, ya ce ina sakamakon binciken bara. Babana ya ce wane sakamako. Likitan ya kwatanta kwalbar. Na san lokacina ne na magana, bakina ya ƙi buɗewa. Sai na ji muryar kakata, ta ce ita ta binne. Ta ce yarinyar na barcin magani lokacin da aka kawo, ita aka yi wa bayani ba ta riƙe ba, tsufa ne da jahilci, a yi mata haƙuri. Ita da bakinta ta fara faɗin kalmar. Sau ɗaya ta kalle ni, ni kuwa na kalli ƙasa. Da aka zo zancen ranakun dawowa na ce na ɗauka sai in da ciwo ake zuwa. Babana bai bi ta kaina ba, ya riga ya samu wadda zai ɗora wa laifi.

Aka tura mu Yamai. Can suka sake ɗibar naman suka kai bincike, muka zauna gidan wani abokin babana sati uku muna jira. Jiran da na ƙi yi da hannu lafiyayye, na yi shi da karyayye. Sakamakon ya zo da suna mai tsawo, likitan ya fassara mana, ya ce ƙarin ƙashi ne mai manya-manyan ƙwayoyi, kuma ya fi kama matasa irina, a gwiwa ko a wuyan hannu. Ya ce ba ciwon daji ba ne, amma mugun naci gare shi, in ɗan ɓurɓushi ya rage sai ya sake tsirowa, shi ya sa ake bibiya da radiyo. Na tambaye shi kai tsaye, da na zo da wuri fa. Shi ma bai yi mani kwana-kwana ba. Ya ce da an gan shi yana ƙarami, mai yiwuwa sake kankarewa kawai za a yi, gaɓar ta tsira. Yanzu ya fasa bangon ƙashin ya kai ga mahaɗa, ba abin da za a kankare. Ya ce in gode Allah, da na ƙara wasu watanni da zancen yanke hannun za mu yi. Sun ɗauki hoton ƙirjina ma, don wani lokaci yakan je huhu, aka tarar ba komai.

Aikin na biyu ya daɗe. Sun yanke ƙarshen ƙashin gaba ɗaya, suka ciro guntun siririn ƙashin ƙafata na ƙasan gwiwa suka dasa a wurin, suka ɗaure da ƙarfe da kusoshi. An faɗa mani tun kafin a shiga cewa wuyan hannun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, na sa hannu a takarda da hagu. Wannan karon ni na ce a yi wa babana bayani da Hausa, ya ji komai da kunnenshi.

Yau yatsuna na motsi, amma daga gwiwar hannu zuwa tafi sanda ce, kamar muciya. In zan ci tuwo sai na ɗaga gwiwar hannu sama kamar kaza za ta tashi, shi ya sa ba na ci a taro. In na yi sujada tafin ba ya kwanciya a ƙasa yadda ya kamata. Lalle na gwada sau ɗaya a ƙafar ɗiyar maƙwabta, zanen ya fito kamar na mai koyo, don lanƙwasar fure a wuyan hannu take, ba a yatsu ba. Na wanke mata tun bai kama ba. Amare sun koma wurin wasu, har da waɗanda ni na koya wa riƙon leda. In sun gan ni su ce sannu, Allah ya saka maki, tsohuwa ta cuce ki. In ce amin.

Wannan amin ɗin ita ta fi ci mani rai. Ga abin da shiruna ya jawo wa kakata. Matan da ta yi wa wankan jego sun daina aiko mata. Wata da ta haihu a bayan gidanmu cewa ta yi kada a bar tsohuwar nan kusa da karnen rigakafi, sai ta binne shi, aka kwashe da dariya. Gwaggona ta taso daga Adjekoria takanas ta zo ta yi wa uwarta faɗa a tsakar gida kamar ƙaramar yarinya. A wani taron wayar da kan mata aka ba da labarin, ba a kama suna ba, amma kowa ya waiga inda take zaune. Daga ranar ta daina zuwa taro. Babana, da kullum in ya dawo kasuwa sai ya zauna bakin ɗakinta sun raba goro, yanzu a tsaye yake gaishe ta ya wuce. Kuma duk wannan lokacin ita ke ɗaura mani zane da safe, ita ke shafa mani mai a tabon hannu da na ƙafa.

Sau ɗaya na fara yi mata maganar. Ban kai ƙarshe ba ta katse ni. Ta ce ita ta gama aure ta gama haihuwa, me ya rage da za a hana ta, ni kuwa in aka ce maƙaryaciya ce ga hannu a sandare, wa zai kalle ni. Ta ce in rufe bakina in miƙo mata goronta. Na rufe. Ba don biyayya ba, ni da ban taɓa jin maganarta ba. Na rufe ne don ya yi mani daɗi.

Ina jin haushin mutanen unguwarmu, masu saurin cewa jahilci, alhali rabinsu an rubuta masu ranar komawa asibiti sun yi filo da takardar. Ina jin haushin yadda ake miƙa wa majinyaci kwalba a leda a ce ya kai ta wata uwa duniya. Amma in na gama zagayen haushin, kaina nake dawowa. A ɗakin asibitin nan mutum biyu ne, ɗaya ba ta san baƙi ba, ɗaya na da birbe. Wadda ba ta san baƙi ba ta yi abin da ta sani daidai da abin da aka faɗa mata. Mai birben ce ta ji gaskiya ta fassara ƙarya.

Don haka ku da aka sa lakkwal kuke raka iyaye asibiti, ku ne kunnensu, abin da aka faɗa ku faɗa, ko ya ɓata maku shiri. In an ba ku abu a ce a kai bincike, ku kai, ku kuma koma ku karɓo takardar. In an rubuta maku rana ku je, ko kuna jin kanku garau, don ni ma garau nake ji lokacin da abin ke cin ƙashina. Ku kuma ma'aikata, in yarinya ta tare ku da Faransanci ga tsohuwa zaune a tabarma, ku juya ku maimaita wa tsohuwar da Hausa. Da an yi haka ranar nan, da kakata da ƙafarta za ta kai kwalbar Yamai.

Sati mai zuwa ina da kwantarol, kuma tun aikin na biyu ban tsallake ko ɗaya ba. Amma kafin in hau mota akwai abin da zan yi. Takardar da aka haɗo da kwalbar na nan, ban yar ba, tana ƙasan akwatina tare da tsohon karnen. Na aika wa gwaggona ta zo ranar kasuwa. In babana ya dawo ya ci abinci, zan shimfiɗa tabarma bakin ɗakin kakata, in karanta masu takardun nan layi-layi da Hausa, in faɗa masu wa aka yi wa bayani da abin da ta ce an ce. Washegari in je bakin famfo in maimaita, don can labarin ya fi yawo. Na faɗa wa kakata jiya, ta ce ba ta yarda ba, in na yi ba ni ba ita. Na ce mata ta yi haƙuri, ta san ban taɓa jin magana ba, ba kuma a kan wannan zan fara ba.